Tambaya da Amsa: Batir na Biyu a Motar Dogon Zango

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Hilux mai ja da tayoyi huɗu, ƙirar 2012, wadda nake zuwa gonata da ita wajen Goronyo, wani lokaci kuma nakan ƙetara Illela zuwa Tawa don ziyarar dangi, kuma sau da yawa kwana kan kama ni inda babu wutar lantarki. Ina tafiya da ƙaramin firji mai lita 40, da fanka, da ƙwan fitila, ga kuma cajin wayoyi. Kwanakin baya na bar firjin a kunne da dare, da asuba motar ta ƙi tashi sai da aka tura ta. Mai wayarin ɗina ya ce in sayo wani batir irin na motar ya haɗa su kai da kai, wani abokina kuma ya ce in ɗauki dogon batirin inbata na gida in ajiye a baya. Wace shawara zan bi? Daga mai karatu a Arkilla, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Da za ka ji ta tawa, da ba ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu ba. Idan aka haɗa batura biyu kai da kai ba tare da wani abin da zai raba su ba, sun zama batir ɗaya ke nan, firjin zai zuƙe su tare, kuma abin da ya same ka da asuba zai sake samun ka, sai dai a ɗan jinkirta shi. Ban da wannan, batirin tayar da inji ba don irin wannan aiki aka ƙera shi ba. Farantan darmar da ke cikinsa sirara ne kuma masu yawa, domin ya ba da ɗaruruwan ampiya cikin 'yan daƙiƙoƙi, daga nan altaneta, wato na'urar da ke yi masa caji idan inji na aiki, ta mayar masa da abin da ya fitar. Wanda kake buƙata shi ne mai farantai masu kauri, wanda masu sayarwa ke kira dip-saikul, mai ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon dare ba tare da ya lalace ba. Na farkon dokin sukuwa ne, na biyun kuma raƙumin ayari.

Batirin inbatar da abokinka ya ambata yana cikin irin da ake nema, amma mazauninsa ɗaki ne. Mai ampiya-awa 200 yakan kai kusan kilo 60, ruwan asid ɗin cikinsa zai riƙa fantsama a kan gargadar hanyar burji yana cin ƙarfen mota, sa'annan idan yana caji yana fitar da iskar haidirojin wadda ƙaramin tartsatsi ya isa ya kunna ta.

Kafin ka shiga kasuwa, ka zauna da biro da takarda. Ƙarfin batir da ampiya-awa ake auna shi, wato wutar da na'ura ke ja a ninka da awoyin da ta yi tana aiki. A ƙaddara firjinka yana jan ampiya 4 duk lokacin da injinsa ya tashi, kuma yana tashi rabin yini da rabin dare, awa 12 ke nan, sai a samu 48. Fanka mai jan ampiya ɗaya na awa 8 ta ci 8, fitila da cajin wayoyi a ba su 9, jimla ta kama 65 a kwana guda. A watan Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, injin firjin ba ya samun hutu sosai, don haka lissafin zai wuce nan. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, adadin da aka rubuta a jikin batir ba duka ake ci ba. Batirin darma, ko na ruwa ne ko rufaffen nan da ake kira AGM, rabinsa kawai ya kamata a riƙa sha idan ana son ya yi ƙarko, wato mai 100 zai ba ka 50, bai ma kai abin da kake ci a kwana ɗaya ba. Batirin litiyam na nau'in LiFePO4 kuwa ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ke cikinsa, nauyin mai 100 bai wuce kilo 12 ko 13 ba, alhali takwaransa na AGM yana kai kusan kilo 30. Tsadarsa ce kawai ke sa mutum ya ja da baya, amma yawan cika da zuƙewar da yake jurewa ya ninka na darma sau da dama. A nawa ganin, mai kwana a daji a kai a kai kamarka litiyam mai 100 ya fi dacewa da shi. Idan aljihu bai kai ba, to a nemi AGM da bai gaza 130 ba.

Sai maganar wurin ajiya, wadda a ƙasarmu ta fi girman batirin muhimmanci. Masu wayarin sun fi son su kafa shi a ƙarƙashin bonet domin can ne waya ta fi gajarta, aikin ya fi sauƙi. Sai dai an san cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage kusan rabin kwanan batirin darma, ga shi kuma ɗakin inji yana iya wuce digiri 70 idan ana tafe cikin rairayi da rana tsaka. AGM rufaffe ne, ruwan da zafi ya ƙone masa babu hanyar mayar da shi. Litiyam kuwa galibi ba a yarda a yi masa caji sama da digiri 45 ba, kuma na'urar tsaron da ke cikinsa takan yanke cajin da kanta idan ya ɗau zafi, sai ka yi ta tuƙi kana zaton yana cika alhali ko ɗigo ba ya shiga. Saboda haka ka sa a ɗaure shi tamau a bayan kujerar baya, ko cikin akwati mai ramukan shan iska a bayan motar inda rana ba ta dukansa, ta yadda ko an yi birki na gaggawa ba zai motsa ba.

Game da caji, hanya biyu ce. Ta farko ita ce aisoleta, wani makunni mai sarrafa kansa wanda ke haɗa baturan biyu idan inji ya tashi wutar ta kai wajen bolt 13.3, ya kuma raba su idan ta sauka wajen 12.8. Tana da araha, tana kuma kare batirin tayar da mota, amma iyakar aikinta ke nan, domin duk abin da altaneta ta bayar shi take miƙawa, ba ta ƙara ba ta daidaita. Ta biyun ita ce caja ta DC-DC, wadda ke karɓar wutar da ta iso gare ta, ta ɗaga ta zuwa bolt 14.2 zuwa 14.6 da batirin ke buƙata, ta kuma ƙayyade yawan ampiyar da ke shiga. Ga litiyam wannan caja wajibi ce, domin idan ya zuƙe yana jan wuta ba ƙaƙƙautawa, har ya iya ƙona altaneta, musamman idan mota na tsaye inji na aiki a silo iska ba ta ratsa shi. Mai ampiya 25 ta ishe ka. Da ita, abin da ka ci a kwana guda zai dawo cikin tafiyar kusan awa uku, wanda ke nufin tafiyar Sakkwato zuwa Illela, da ba ta kai kilomita 100 ba, ba za ta cika shi ita kaɗai ba.

Ka tsaya a kan mai wayarin lokacin da zai ja waya, domin a nan ne aiki mai kyau ke ɓaci. Daga gaban Hilux zuwa bayanta waya takan ci mita 6, zuwa da dawowa 12. Idan aka sa siririya mai kaurin milimita 6 murabba'i, ampiya 30 na ratsa ta, kusan bolt ɗaya cur zai salwanta a hanya ya koma zafi, alhali mai milimita 16 ba za ta zubar da fiye da bolt 0.4 ba. Akwai kuma wayar da aka cika kasuwa da ita, sanholo ce aka shafe ta da jan ƙarfe. Ka fere bakinta ka kankare sili ɗaya da wuƙa, idan cikinsa ya fito fari ka ajiye musu abarsu. A sa fis a kusa da kan kowane batir, na gaba da na baya, galibi mai ampiya 40 ga caja mai 25, sa'annan duk inda wayar za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, domin jijjigar hanya tana yanke fatar waya a hankali, kuma daga nan gobara ke tashi.

Wajen saye, ka nemi a ɗora wa batirin mitar awon bolt a gabanka. Sabon AGM da ke zaune ya kamata ya nuna 12.6 ko sama. Ka kuma ɗaga shi ka ji, domin mai 100 da bai kai kilo 25 ba akwai alamar tambaya a kansa. Tsofaffin baturan da ake cirowa daga turakun sadarwa suna da sauƙin kuɗi, sai dai araha ba ta ado.

TAMBAYA: Malam, maigidana ya sa an saka wa motarmu aisoleta da sabon AGM, amma batirin bai taɓa cika ba ko mun yi doguwar tafiya zuwa Argungu mun dawo. Motar ta kwanan nan ce. Batirin ne ba shi da kyau? Daga mai karatu a Mabera.

AMSA: Hajiya, kada a yi saurin ɗora wa batirin laifi. Motoci da yawa na shekarun baya-bayan nan kwamfutar inji ce ke sarrafa altanetarsu, takan rage wutar da zarar batirin gaba ya cika domin a rage shan mai, wani lokaci har ƙasa da bolt 12.8, inda aisoleta za ta raba baturan ana tsakiyar tafiya. A yi tuƙi na minti 20, a tsaya ba tare da an kashe inji ba, a auna kan batirin gaba da na baya. Idan na gaban ya gaza 13.8, caja ta DC-DC ce maganin. Idan kuwa na gaban ya nuna 14 na bayan yana 13, wayar ce ta yi siriri ko kuma wani mahaɗi ya saki. A hanzarta gyaran, domin batirin darma da ya daɗe bai cika ba gishirin salfet yakan daskare a farantansa, ƙarfinsa ya ragu har abada.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, nakan yi kwana uku a rugar da nake kiwo ba tare da na tayar da mota ba. Farantin sola zai wadatar? Daga mai karatu a Wurno.

AMSA: Zai wadatar idan an zaɓi girman da ya dace. Faranti mai wat 200 a ranarmu ta nan yana iya tara ampiya-awa 55 zuwa 60 a yini, wanda ya yi kusa da abin da firji da fanka ke ci a lissafin da muka yi a amsar farko. Kada a kuskura a jona shi kai tsaye, domin wutarsa tana kai bolt 18 zuwa sama, sai an bi ta na'urar daidaita caji, kuma nau'in MPPT ya fi tatso wuta. Cajojin DC-DC da yawa ma da ita suke zuwa a ciki. Na fi son faranti mai naɗewa da doguwar waya a kan wanda aka kafe a rufin mota, saboda da shi za ka ajiye motar a inuwar darbejiya, firji da batir su huta, farantin kuma yana can cikin rana kana juya shi safe da yamma. A lokacin hunturu hazo da ƙura suna rage abin da yake bayarwa ƙwarai, don haka a riƙa share fuskarsa da tsumma mai laushi kowace safiya. Idan ka dawo gida motar za ta zauna makonni, ka cika batirin darma da cajar gida kafin ka ajiye shi, ka kuma sake cika shi duk wata, shi kuwa litiyam a bar shi wajen rabi, a cire duk abin da ke jan wuta a jikinsa.