Hajiya, ga amsar tambayarki kan mai da gubar dalma

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya, na ji muryarki tun da safe, sai yanzu na samu sarari. Kin ce an turo miki cewa man habbatus sauda da man zaitun suna wanke gubar dalma daga jiki, wai ko ki fara ba yaronki tunda babansa gyaran batir yake yi, shi kuwa batir akwai dalma a cikinsa. To, maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma an yi mata ƙarin gishiri.

Dalma da zaiba da kadmiyam, wato ƙarafa masu guba, in suka shiga jiki, cinye masa kariya suke yi, musamman wani sinadari glutatayon. Da ya yi ƙaranci sai ƙwayoyin jiki su fara lalacewa, kamar ƙarfen da aka bari a ruwa ya yi tsatsa. Ɓarnar tana kaiwa ga saifa da ɓargo da fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki. Shi man habbatus sauda yana da wani sinadari timokwinon, man zaitun yana da bitamin E da wasu sinadarai masu rage wannan tsatsar. An gwada a jikin ɓeraye, aka ba su guba aka haɗa musu da mai, aka ga ɓarnar ta ragu. Amma fa ɓeraye ne, Hajiya, kuma da awo aka ba su.

Abin da ya fi damuna, rage ɓarna daban, fitar da guba daban. Mai ba ya fitar da dalma. Takan yi kusan wata guda a jini kafin rabinta ya ragu, wadda ta shige ƙashi kuwa sai ta yi shekaru gommai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalmar da za a ce ba ya cutarwa, kuma yaro ya fi babba zuƙarta. Sau da yawa ba a ganin alama, sai dai ƙwaƙwalwa ta sha wuya.

Don Allah ki kai shi a gwada jininsa. In ta yi yawa, akwai maganin da likita ke bayarwa, irin su DMSA, mai kama ƙarfen ya fita ta fitsari. Sannan Alhaji ya riƙa cire kayan aiki da takalmi kafin ya shigo, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaron, a wanke kayan daban. Ƙurar nan da ke maƙale a hannun rigarsa, ita yaron ke shafowa ya kai baki. Allah ya ba shi lafiya, ki sanar da mu sakamakon.