Abokin aikina Bature na yi min baƙar magana, da wane irin Turanci zan mayar masa?

Tambaya: Malam, ina aiki a wani sito a Birmingham. Akwai wani abokin aiki da kullum sai ya ce min "piss off" ko "shut up, you muppet". Idan na amsa da Turancin makaranta, dariya suke yi min. Ina son in koyi nasu na titi in rama, amma ina tsoron in faɗi abin da zai ja min kora.

Amsa: Ɗan'uwa, tsoron nan naka yana kan hanya. Abin da kake bukata gajerun maganganu ne da 'yan Ingila ke faɗa wa juna idan wani ya wuce gona da iri. "No need for that, mate", wato ba sai an kai ga haka ba, aboki, ta isa a karon farko. In ya sake, ka ce "That's out of order", wato ya keta iyaka. Ka faɗe su da murya ƙasa-ƙasa, kana kallon idonsa, kada ka ƙara komai. "Calm down" ka bar ta, ƙara tunzura mai fushi take yi. "Watch your mouth" kuwa ana iya ɗaukarta barazana.

Abin da ya fi damuna shi ne ruɗin da ake yaɗawa cewa ashar ɗin da ake ji a finafinan Amurka da waƙoƙin rap ita ce Turancin gida, wanda ya iya ta shi ne ya goge. Masu kiran kansu malaman Turanci a TikTok suna ta jero wa matasa "amsoshi masu zafi" don neman mabiya, ba ruwansu da wanda za a kora gobe. Kalmar nan mai farawa da N, wadda matasanmu ke jifan juna da ita suna zaton aboki take nufi, zagi ne na zamanin bauta, kuma kasancewarka baƙar fata ba ya hana a rubuta ta a takardar ƙorafi. Haka "Paki": wasu sun ɗauka taƙaita Pakistan ce kawai, alhali a Birmingham ɗin da kake zaune, inda 'yan asalin Pakistan suke da yawa, tana cikin mafi munin zagin ƙabilanci. A Ingila da Wales, dokar Public Order Act ta 1986 ta haramta zagin da aka yi da niyyar tayar wa mutum hankali, kuma dokar Crime and Disorder Act ta 1998 ta ce idan an haɗa da ƙabila ko addini, hukuncin na iya kai ɗaurin shekara 2. Wannan ba wasan yara ba ne, kuma "ai shi ya fara" ba ta wanke kowa.

Ga kuma batun biza. Idan kamfani ne ya ɗauki nauyinka, to da zarar ya sallame ka dole ya sanar da ma'aikatar cikin gida, galibi kuma a rage maka izinin zama zuwa kwana 60. Shi Baturen gidansu zai koma, kai kuma ka shiga neman sabon mai ɗaukar nauyi.

Don haka ka riƙa rubuta rana da lokaci da ainihin kalmomin da ya faɗa, da sunan wanda ya ji. In ya maimaita bayan ka ja masa kunne, ka kai wa shugaban sashenku a rubuce, ka ajiye kwafi a wurinka.