Ƙafa ba ta kumbura ba, me ya sa ake cewa kumburi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara tara ke nan ina fama da ciwon suga. Yanzu tafin ƙafata na zugi da dare kamar an zuba barkono. An ce mini kumburi ne ya taɓa jijiya, alhali ƙafar ba ta kumbura ba. In ci gaba da shan diclofenac? Daga wata mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wannan kumburin ido ba ya ganinsa. Idan suga ya daɗe da yawa a jini, yakan manne wa furotin na jiki, sai garkuwar jiki ta riƙa sakin sinadaran faɗa irin su IL-6 kaɗan-kaɗan, dare da rana, kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Kitsen tumbi ma yana ƙara su. Sannu a hankali suna lalata 'yan ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyoyin ji. Jijiyar da ta fi tsawo ita ke fara jigata, shi ya sa abin ke somawa daga yatsun ƙafa.

Diclofenac kuwa, ki ajiye shi. Ba ya kwantar da irin wannan zugin, ga shi yana cutar da ƙoda, wadda suga ya riga ya sa a gaba. Amitriptyline ko pregabalin ne suka fi dacewa, su ma sai likita ya rubuta.

A asibiti ki nemi awon HbA1c, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku da suka wuce, duk wata 3 zuwa 6. Ga yawancin manya ana so ya sauka ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. A taɓa tafin ƙafarki da zaren gwaji mai danna fata da ƙarfin giram 10, don a ga ko tana ji, aƙalla sau ɗaya a shekara. In kin daɗe kan maganin suga na metformin, a duba bitamin B12, don ƙarancinsa yana kawo irin wannan zugi.

Tafiya minti 30 kwana biyar a mako da rage tumbi suna sassauta kumburin. Shayi mai suga cokali uku kuwa, kin san hukuncinsa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ranar da zugin zai lafa don ƙafa ta daina ji. A zafin Afrilu yashin tsakar gida yana ƙona ta ba a sani ba, haka kaskon wuta da hunturu. Kada ki taka ƙasa ba takalmi. Bayan alwala ki share tsakanin yatsu, ki shafa man kaɗanya a dunduniya kawai, ki duba tafin da madubi kowane dare. Kin ga ƙuna ko gyambo, asibiti a ranar.