Amsa: Zuwa Ardnamurchan lokacin ruwan sama

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka tambaya ko ya dace ku tafi Ardnamurchan, wani yanki a gaɓar tekun yammacin Scotland, hutu da iyali tunda an ce za a yi ta ruwa a satin. Ni dai na ce ku je, yammacin Scotland in ka tsaya jiran rana ta fito wallahi sai hutun ya ƙare kana zaune a Glasgow.

Ruwan can ba irin na damina ba ne mai zuba ya wuce, yayyafi ne da iska daga teku, lema ba ta da amfani iska za ta juye ta kawai, ku sayi rigar ruwa mai hula da takalmin roba har yara. Hanyar ita ce aiki, in ka tsallaka da jirgin ruwa na Corran kudu da Fort William, daga baya titin zai koma na mota ɗaya, da wuraren ratsewa a ba juna hanya, ga tumaki kwance a kwalta, kar ka yarda dare ya same ka. Ka cika tanki tun kafin ka shiga, naman halal kuma ka taho da shi a kula, sabis ɗin waya ma yana ɗaukewa.

Mu ranar da ruwa ya tsananta hasumiyar fitilar Ardnamurchan mai haska wa jiragen ruwa hanya muka je, wadda aka gina a 1849, da ya lafa muka gangara bakin tekun Sanna, farin yashi ba kowa. In kuma iska ta kwanta da bazara, wasu ƙananan ƙwari masu cizo ne za su fito, sun fi sauro naci, ka riƙe maganin shafawa.