Yaya, kilo muke saye

Yaya, ka ce abin na ɗaure maka kai: mutum yana Ingila yana karɓar albashi da fam, amma in zai zo gida sai ya cushe a bayan jirgi, ga 'yan kasuwar Kaduna can gaba sun miƙe ƙafa. Wallahi ba rowa ba ce.

Bahaushen Manchesta in zai yanki tikiti, tambayarsa ta farko ita ce akwati nawa aka yarda ya ɗauka. Ethiopian da EgyptAir sukan ba mai ƙaramin tikiti akwati biyu, kowanne kilo 23; a biznes, wato ajin kujerun gaba, kilo 32. Daren tafiya sai ka ga sikeli a tsakiyar falo, ana cire takalman yara daga wannan jaka ana cusawa a waccan, ga turaren gwaggo, ga man shafawa na gwiwar Hajiya, ga maƙwabciya ta turo “ɗan saƙo” mai kilo huɗu. In za a dawo kuma kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Kilishi dai a bar shi, dokar Birtaniya ta hana shigo da nama daga Najeriya. Mai iyali biyar, rarar kuɗin kujerar gaba ta mutum ɗaya sai ta biya wa yara biyu tikiti.

Sannan sunan ajin kada ya ruɗe ka. Biznes ɗin da ke tsakanin Landan da Faris kujera ce irin ta kowa, ta tsakiya kawai suke bari babu mutum, su ba ka abinci. A cikin Amurka abin da suke kira ajin farko kujera ce mai faɗi da ke ɗan kishingiɗa. Wanda ka gani a bidiyo, mai gado da ƙofa, na doguwar tafiya ne, irin Qsuite na Qatar Airways. Wannan kam an yi abu.

Maganar makin da kamfanin jirgi ke tara wa mai yawan tafiya da shi kuwa, mutanenmu sun fi bin ƙawancen kamfanoni. Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk suna Star Alliance, to makin Umara ta Alƙahira da na hutu ta Addis Ababa a kati ɗaya za su taru. Wanda ya kai matakin zinare yana shiga ɗakin hutu a filin jirgi, amma abin da ake taya shi murna a kai ƙarin akwati ne. British Airways kuwa tun Afrilun 2025 ta koma lissafi da kuɗin da ka kashe, matakin azurfa sai da maki 7,500, fam ɗaya maki ɗaya. Mai zuwa gida sau ɗaya a shekara ina zai kai? Dattawanmu ma suna da wata ƙauna ga Ethiopian: lokacin da aka rufe filin Abuja mako shida a 2017, manyan kamfanonin Turai sun ƙi sauka Kaduna, ita ta sauka.

Makin da muka tara iyaye muke ajiye wa. Hajiya in za ta zo ganin jikoki, da shi za a matsar da ita gaba inda za ta miƙe ƙafa, a kuma nema mata keken turawa tun daga Abuja. Ka duba mana fasfonta, kada ya kusa ƙarewa.