Tambayoyin Masu Karatu: Tono Tarihin Tsohon Masaukin Ƙauye a Ingila da Waɗanda Suka Riƙe Shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen tarihi na wata jami'a a Ingila. An ba mu aiki, kowa ya ɗauki gini ɗaya a ƙauye ya rubuta tarihinsa, ni kuma na ɗauki wani tsohon masauki da ke bakin hanya. A bangon zaurensa akwai allo da aka jera sunayen waɗanda suka riƙe gidan tun wajen 1700, amma malaminmu ya ce ba zai karɓi allon a matsayin hujja ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Malaminki ya yi daidai. Irin wannan allo galibi wani mai sha'awar tarihi ne ya haɗa shi, ko kamfanin da ya sayi gidan, kuma ba a faɗin inda aka samo sunayen. Ki kwafe shi ki ajiye a gefe. Kowane suna a ciki sai kin samo masa takarda kafin ya shiga aikinki.

Daga yau za ki fara, ki riƙa ja da baya. Masu farawa daga can baya sukan kama wani masauki mai suna Red Lion na 1720 su liƙa wa nasu, alhali na ƙauyen gaba ne, ko kuma sunan ya tashi daga wani gini ya koma wani a cikin ƙauye ɗaya. Wannan yana faruwa sosai, domin mai masauki kan tashi da allon sunansa idan ya sauya gida. Saboda haka aikin farko shi ne ki kafa filin a kan taswira. Bayan dokar 1836 da ta mayar da ushirin coci kuɗi maimakon amfanin gona, an zana taswirar kusan kashi uku cikin huɗu na Ingila da Wales, yawanci tsakanin 1837 da 1850. Kowane fili yana da lamba, kuma akwai kundin da ke tafiya da taswirar wanda ya nuna mai filin, da wanda ke zaune a ciki, da girmansa. Kwafi ɗaya yana babban gidan adana takardun ƙasa da ke Kew a Landan, wani kuma yawanci yana gidan adana takardu na gundumar. Ki haɗa wannan da binciken ƙimar filaye da aka fara a 1910, wanda shi ma ya ba da mai gida da mazauni, wani lokaci har da bayanin ɗakuna da barga. Idan lambar filin a taswirar da lambarsa a wannan bincike suka faɗa kan gini ɗaya, kin sami turaku biyu da za ki ɗaure sauran bayanai a kansu.

Daga nan sai rijistar lasisi, wadda ita ce ƙashin bayan aikin. A da, duk masaukin da ke sayar da giya sai ya sami izinin alƙalan yanki, kuma wannan ya samo asali ne daga dokar 1552. Mai neman izini yakan sa hannu a takardar alkawari cewa zai kiyaye doka a gidansa, tare da masu tsaya masa, galibi mutum biyu. Takardun farko-farko sun warwatse, amma dokar 1753 ta tilasta wa akawun kotun gunduma ya riƙa ajiye rijista, ana sabunta lasisi kowace shekara a watan Satumba. Daga 1753 zuwa 1828 za ki iya bin gidan shekara bayan shekara idan rijistar gundumarki ta tsira.

Amma ga inda gizo ke saƙar: sau da yawa akawun yakan rubuta sunan mutum da na ƙauyensa kawai, ba ya sa sunan masaukin. Idan ƙauyen yana da masu lasisi uku, wanne ne naki? Dabarar ita ce ki jera rijistar shekaru da yawa gefe da gefe. Akawu yakan kwafi jerin bara ne, don haka sunaye kan zauna a matsayi ɗaya. Idan na biyu a jerin ya ɓace a wata shekara, sabon suna ya bayyana a gurbinsa, to akwai alamar shi ya gaje shi. Alama ce kawai, sai wata takarda ta mara mata baya. Ki kuma lura da masu tsayawa. Sau da yawa surukai ne, ko masu masaukin maƙwabta suna tsaya wa juna, daga baya kuma za ki fara ganin sunan mai kamfanin giya, wanda ke nuna gidan ya fara shiga hannunsa.

Daga 1828 za ki ci karo da giɓi. Dokar wannan shekarar ta soke takardar alkawari, ba ta kuma ɗora wa akawun gunduma ajiye rijista ba, sai dokar 1872 ta dawo da rijista mai tsari, wadda ke nuna mai lasisi da mai gida da ranar da lasisi ya sauya hannu. Shekaru arba'in da huɗun da ke tsakani ana cike su ne da abubuwa uku.

Na farko ƙidayar jama'a, da ake yi duk shekara goma. Ta 1841 ba ta faɗi dangantakar mutanen gida ba, kuma an rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa biyar-biyar, wato mai 44 an rubuta masa 40, don haka kada ki yi lissafin haihuwa da ita. Daga 1851 ne aka fara sa dangantaka da ainihin shekaru da wurin haihuwa. Shafi ɗaya zai nuna miki maigida da sana'arsa, uwargida, yara, kuyanga, yaron da ke kula da dawaki, da baƙin da daren ƙidaya ya riska a gidan, ƙila ɗan koli ko mai kora shanu zuwa kasuwa. Yawan barori da baƙi shi ne ma'aunin ko gidan yana ci ko ya fara mutuwa. Idan mai ƙidaya bai rubuta sunan masaukin ba, ki bi maƙwabta: maƙeri a gabansa, gidan limamin coci a bayansa, ki gwada da taswira. Ƙidayar 1921 ita ce ta ƙarshe da aka buɗe. Ta 1931 ta ƙone a gobara a 1942, ba a yi ta 1941 ba saboda yaƙi, sai dai rijistar jama'a ta 29 ga Satumba 1939 ta toshe wannan gurbi.

Na biyu kundayen 'yan kasuwa, irin na Pigot da White da Kelly, waɗanda jami'ar Leicester ta sa da yawansu a intanet kyauta. Ki yi hattara da su, domin bayanin kan tsufa da shekara ɗaya ko biyu kafin a buga, har akan ga mamaci yana nan a matsayin mai masauki. Na uku jaridun gunduma, kuma su ne suka fi daɗin karatu: sanarwar sauya lasisi, tallar gwanjo da ke lissafa ɗakunan kwana da yawan dawakin da barga ke ɗauka, tarar da aka ci mai gida don ya wuce lokacin rufewa, da zaman binciken musabbabin mutuwa, wanda a wancan zamani a ƙauye masauki ne wurin yinsa.

Kafin 1753 kuwa sai haƙuri. Wasiyya da jerin kayan mamaci su ne suka fi amfani, domin masu ƙiyasta dukiya kan bi gida ɗaki bayan ɗaki suna ƙirga gadaje da tukwane da ganguna. Kafin 1858 kotunan coci ke tabbatar da wasiyya, don haka a takardunsu za ki nema. Harajin murhu na 1662 zuwa 1689, sule biyu a kan kowane murhu a shekara, zai nuna miki girman gidan. Abu biyu ke kayar da ɗalibai a nan. Takardun kotu da Latin ake rubuta su har 1733. Sannan kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, don haka wanda aka binne a Fabrairun 1730 a rijistar coci, a lissafin yau a 1731 ya rasu.

Inda ba ki sami komai ba, ki rubuta cewa ba a san mai riƙe da gidan ba daga shekara kaza zuwa kaza. Malami zai fi mutunta wannan a kan jerin da aka daidaita da shaci-faɗi.

Tambaya: Ina aiki a wani tsohon masauki da aka mayar gidan abinci. Maigidana ya tara kwafin tsofaffin takardu, sai muka ga a shekara ɗaya takarda ɗaya ta ba da suna daban, wata ta ba da wani daban. Wanne ne kuskure?

Amsa: Malam, mai yiwuwa babu kuskure ko ɗaya. Gida ɗaya yana iya samun mutum uku a lokaci guda: mamallakin ginin, ɗan hayar da lasisi ke hannunsa, da manajan da aka ɗauka yana zaune a ciki. Takardar cinikin gida mamallaki take ambata, rijistar lasisi mai lasisi, ƙidaya kuma wanda ya kwana a gidan. Kundin harajin filaye, wanda ya fi tsira tsakanin 1780 da 1832, yana da layi biyu, na mai gida da na mazauni, shi ya sa yake warware irin wannan rikici da sauri. Ku ja layi uku a takardarku, kowane suna ku sa shi a layinsa da shekararsa da inda kuka gan shi.

Akwai kuma maganar mata. Idan mai masauki ya rasu, lasisi kan koma wa matarsa, wadda dama ita ke tafiyar da gidan yayin da mijin ke noma ko ƙira ko fawa, domin masaukin ƙauye da wuya ya riƙe iyali shi kaɗai. Idan ta sake aure, kafin dokokin 1870 da 1882 da suka bai wa matar aure ikon riƙe dukiyarta, lasisin kan koma sunan sabon mijin. A jeri sai ka ga kamar baƙo ya karɓi gida, alhali uwargida ɗaya ce ta shekara talatin a ciki da sunaye biyu. Haka idan 'ya ta gada, sunan suruki zai fito. Duk sanda suna ya sauya, ka duba rijistar aure ta cocin ƙauyen a shekaru biyu kafin nan. Uba da ɗa masu suna ɗaya su ma suna ruɗarwa: idan ka ga mutum ya riƙe gida shekara saba'in, nemi ranar binne uban.

Ka kuma tabbatar ba gida biyu kuke haɗawa ba. Dokar 1830 ta bar duk mai biyan harajin gida ya sayi izinin sayar da giya a kan fam biyu da sule biyu ba tare da ya je gaban alƙalai ba, har zuwa 1869. Ƙananan mashaya suka cika ƙauyuka, kundayen 'yan kasuwa kuma kan jera masu su ba tare da sunan gida ba.

Tambaya: Na ga masaukai suna rubuta cewa an kafa su tun shekaru ɗari takwas, wasu su ce akwai ramin ɓoye zuwa coci, ko azarar rufin daga jirgin ruwa aka ciro. Gaskiya ne?

Amsa: Kaɗan ne ke da takarda. Ye Olde Trip to Jerusalem da ke Nottingham ya rubuta 1189 a bangonsa, amma babu takardar wancan zamani da ta tabbatar da haka, kuma ginin da ake gani ya zo ne ƙarnuka bayan nan. Akwai na gaske, kamar George Inn a ƙauyen Norton St Philip da ke Somerset, ginin ƙarni na 14 zuwa na 15 mai alaƙa da sufayen Kirista na ƙauyen Hinton da ke kusa da kuma cinikin ulu, inda basaraken nan Duke na Monmouth ya sauka a lokacin tawayen da ya yi wa sarkin Ingila a 1685.

Tambaya biyu ce ake cakuɗawa: yaushe aka gina gidan, yaushe kuma ya zama masauki? Da yawa gidan manomi ne na ƙarni na 16 da bai sami lasisi ba sai bayan shekara ɗari biyu. Shekarun gini ana gano su ta ƙirga zobban itacen oak na azara. Masani kan huda ya ciro siririn samfur daga azara da yawa, ana son zobba hamsin ko fiye, kuma sai an sami gefen da ke daf da ɓawo kafin a faɗi shekarar da aka sare itacen. Da yake ɗanye ake aiki da shi, shekarar sara tana kusa da ta gini. Matsalar ita ce katakon da aka ciro daga tsohon gini aka sake amfani da shi, wanda za ka gane ta ramukan haɗi da ba su haɗa komai ba. Waɗannan ramuka ne suka haifi labarin jirgin ruwa. Ramin ɓoye kuwa, idan aka bi shi, yawanci magudanar ruwa ce ko ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa da aka toshe. Shi kuma ɗan fashin nan Dick Turpin, da aka rataye a York a 1739, masaukan da ke cewa ya kwana a cikinsu sun yi yawan da ba za a gaskata ba sai da takarda.

Tambaya: Me ya sa wasu masaukan ƙauye ke da babbar ƙofa da faffaɗan tsakar gida amma ƙauyen ba kowa?

Amsa: Hanya ce ta gina su, ba ƙauyen ba. Keken doki na fasinja yakan sauya dawaki duk mil goma zuwa goma sha biyar, kuma daga 1784 kekunan wasiƙu suka ƙara wa harkar ƙarfi. Ƙofar an yi ta ne don keke ya shiga da kayansa a sama. Da jirgin ƙasa ya haɗa Landan da Birmingham a 1838, da Bristol a 1841, cinikin waɗannan hanyoyi ya faɗi cikin 'yan shekaru. A takardu za ka ga alamar: masu haya suna sauyawa duk shekara biyu ko uku, sunan wasu ya fito a sanarwar karyewar arziki ta jaridar gwamnati London Gazette, daga ƙarshe kamfanin giya ya saye gidan ya sa ɗan haya da sharaɗin ba zai sayar da kayan kowa ba sai nasa. Idan gidan ya daina aiki bayan 1904, ka nemi takardun kwamitin biyan diyya na gunduma, domin dokar wannan shekarar ta ba da damar soke lasisin da ake ganin ya yi yawa a biya mai gida da ɗan haya, kuma fayil ɗin yakan ƙunshi yawan cinikin gidan da nisansa da mashaya mafi kusa.