Tambaya da Amsa: Ban Taɓa Jin Kiɗan Beethoven Ba, Yaya Zan Yi da IELTS?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digirina na farko, ina shirin rubuta jarrabawar IELTS, ta gwajin iya Turanci, don neman gurbin digiri na biyu a Ingila. A takardun gwaji na ci karo da zanen alƙaluma guda biyu: ɗaya na wutar lantarkin da wata jami'a ke sha wata-wata, ɗaya kuma na shekarun masu zuwa sauraron kiɗan gargajiyar Turawa irin na su Beethoven. Ni ban karanta injiniya ba, kiɗan nan kuma ban taɓa zama na saurara ba. Sai na yi cirko-cirko, na rasa abin rubutawa. Shin sai na koma na karanci waɗannan fannoni? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, babu wanda zai tambaye ki ko a birnin Bon na Jamus aka haifi Beethoven a 1770. Abin da kika gani shi ne aiki na farko na sashen rubutu. Ana so ki bayyana abin da ke cikin zanen da kalmomi 150 ko sama, kuma shawarar da masu jarrabawar ke bayarwa ita ce ki gama cikin minti 20. Ki ɗauki kanki kamar mai ba da shaida a gaban alƙali: abin da idonki ya gani kawai za ki faɗa, ban da zato, ban da ra'ayi.

Ni a ganina ma rashin sanin ba shi ne matsalar ɗalibanmu ba, sanin da suke zuwa da shi daga gida ya fi kayar da su. Mu a nan mun saba an fi shan wutar lantarki daga Maris zuwa Mayu, lokacin da fanka da na'urar sanyaya ɗaki ba sa hutawa. A ƙasa mai sanyi irin Ingila kuwa, makamashi ya fi tafiya daga Disamba zuwa Fabrairu saboda ɗumama ɗakuna, sannan ya faɗi a Yuli da Agusta da ɗalibai ke hutu. Sai yaro ya ga layi ya hau a Janairu, zuciyarsa ta ƙi yarda, ya fara ƙirƙiro dalilai. Dalilin ba aikinki ba ne. Ki ce ya hau, ki faɗi daga nawa zuwa nawa, ki duba ko ma'aunin kWh ne (wanda ake auna wutar da aka sha da shi) ko kuɗi, ki wuce.

Zanen masu sauraron kiɗa yana da nasa tarkon. Galibi za ki tarar dattawa sun rinjayi matasa, wannan bai da wuyar gani. Inda ake zamewa shi ne lissafin kaso. A ce masu shekara 55 zuwa sama sun tashi daga kashi 20 zuwa kashi 30 cikin ɗari. Tazarar maki goma ce, amma ƙarin da aka samu rabin adadin farko ne. Wanda ya rubuta cewa sun ƙaru da kashi goma cikin ɗari ya faɗi abin da zanen bai faɗa ba.

Abin da na fi matsa wa ɗalibaina a kai shi ne taƙaitaccen bayani na jimla biyu, bayan gabatarwa, da ke nuna babban hoton: me ya fi yawa, me ya fi ƙanƙanta, ina aka dosa. Idan babu shi, makinki zai tsaya ƙasa ko da Turancinki ya kai na Sarauniya. Kuma kada ki jero kowace lamba, ki zaɓi masu muhimmanci ki kwatanta su.

Sai ki lura da agogo. Sashen rubutu awa ɗaya ne, kuma aiki na biyu, mai kalmomi 250, makinsa ya ninka na farko. Jami'o'in Ingila da yawa suna neman 6.5 cikin 9 don digiri na biyu, wasu da sharaɗin kada wani sashe ya gaza 6.0, don haka ki duba sharaɗin makarantar da kike so tun kafin ki biya kuɗin rajista. Allah ya ba da sa'a.